Ranar da Aka Kawo Janareta Masaƙa

Baba Kunne ba sunan yanka ba ne. A masaƙa aka laƙaba masa shi tun yana saurayi mai gyaran injinan saƙa, domin shi ba da ido yake duba inji ba. Sai ya tsaya a tsakiyar zauren, injina na ta ruri har mutum ba ya jin na kusa da shi, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma, can sai ya nufi wani inji a ƙarshen layi ya ce bel ɗinsa, wato ɗamarar da ke juya shi, ya saki. A duba, a tarar haka ne. Sunan ya bi shi har gida. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, in ta yi magana bai amsa ba sai ta ce, "Kunnen inji ne, ba na mutane ba."

Ya shiga masaƙar yana ɗaukar ƙunshin zare a ka, ya bar ta da furfura. Duk abin da ya mallaka daga can ya fito: ɗan gidan da ya gina a hankali, kekensa, har da kurumtar da ta fara kama kunnensa na hagu. A wancan zamanin jiniyar masaƙa ce agogon unguwa. In ta yi kuka da safe, mata su tashi yara. In ta yi da yamma, titi ya cika da kekuna, maza fari fat da ƙurar auduga a gira da gemu, kamar duk sun tsufa a yini guda.

Ba da hayaniya aka rufe ta ba. Wuta ce ta fara yankewa, sai a yi rabin yini injina na tsaye. Yadin waje kuma ya cika kasuwa da arahar da nasu ba zai iya ba. Wata safiya aka ce kowa ya tafi gida, hutun gyara ne, za a kira su. Baba Kunne ya rataye rigar aikinsa a ƙusa, bai ko sa an wanke ta ba tunda ba daɗewa za a yi ba. Yaran da aka haifa a waccan shekarar, yanzu sun fara gemu.

Abokan aikinsa kowa ya kama gabansa. Wasu sun koma gona, wasu gadi, wasu sun riga mu gidan gaskiya suna jiran kira. Shi kuwa sai ya ɗauki wata ɗabi'a da mutane suka yi ta yi wa dariya har suka gaji. Yakan bi garejin makanikai ya roƙi ragowar baƙin mai a gwangwani, ya nufi ƙaramar ƙofar masaƙa. Maigadin wurin wani tsohon soja ne, kowa Soja yake kiransa.

"Likita ya iso," in ji Soja. "Marasa lafiyarka suna nan, ba wanda ya gudu."

"Sun ci abinci?"

"Sun ce kai suke jira."

Sai ya shiga zauren, ya bi layinsa inji bayan inji, ya goge ƙura, ya ɗiga mai a kowace gaɓa, ya juya wilin da hannu don kada ƙarfe ya manta motsi. Layinsa kaɗai yake yi wa haka. Sauran layukan, a cewarsa, suna da masu su, in an kira za su zo.

'Ya'yansa biyu ne suka rayu. Babbar, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, tana da shagon yadi a kasuwa, kuma yadin waje take sayarwa, da shi ake ɗora tukunya a gidan. Ƙaramin, Auta, ya fara koyon gyaran inji a hannun ubansa ana gab da rufewa, kuma ya gaji kunnen. Da zama ya ishe shi sai ya tafi can bakin teku, ya samu aiki a tashar jiragen ruwa, yana tuƙa motar da ke sauke kaya. Ya yi aure a can, ya haifi 'ya mace wadda kakanta bai taɓa ɗauka ba, sai dai ya ga fuskarta a waya tana lasar gilashi. Hanya da nisa, kuɗin mota da tsada, hutu babu. Duk sanda suka yi waya, Auta da magana ɗaya yake rufewa:

"Baba, ranar da jiniya ta yi kuka, washegari ina gida."

In ya ji wannan magana, Baba Kunne sai dai ya ce Allah ya nuna mana. Amma a kanta yake kwana, a kanta yake tashi.

Da zaɓen ƙasa ya matso, jam'iyyu biyu ne suka cika rediyo. Mutane ba sa wahalar da kansu da dogayen sunayensu, da launin hula ake kiransu. 'Yan shuɗi sun ce za su rufe iyaka ga yadin waje, su tayar da masana'antun gida, kowa ya koma aiki. 'Yan rawaya sun ce rufe iyaka tsada kawai zai jawo wa talaka, a bar kasuwa a buɗe, a rage haraji, a gyara wuta tukuna. A teburin mai shayi da ke gaban masaƙa, tsofaffin ma'aikata duk sun zama 'yan shuɗi tun kafin a raba huluna. Baba Kunne ba mai surutu ba ne, amma ranar da ya ji kalmar masaƙa ta fito daga bakin rediyo, sai da ya ajiye kofi.

A gida kuwa Uwata ba ta raga masa ba.

"Baba, in suka rufe iyaka ni me zan sayar? Iska?"

"Namu za ki sayar, Uwata. Kin manta yadinmu? A wanke shi har hannu ya gaji bai koɗe ba."

"Ina zan manta, shi na sa har na gama makaranta, kamar buhu. Amma kafin naku ya fito fa? A tsakanin nan, tukunyar gidan nan da me za ta tafasa?"

"Ƙaninki zai dawo."

Uwata ta ga yadda ya faɗi maganar, ta kawar da kai. Inna ta turo musu kwano. "Ku ci tun da zafi. Su waɗanda kuke faɗa a kansu sun riga sun ƙoshi."

Ana cikin haka wani matashi mai shuɗiyar hula da wayoyi biyu ya zo har gida. Yaransa Kodineta suke kiransa. Ya durƙusa ya gaida Baba Kunne da ladabi, ya ce Soja ne ya ba shi labari.

"Baba, an ce akwai injinan da har yanzu ke da rai."

"Layina dai bai mutu ba."

"Za ka iya tayar mana da ɗaya? Babban baƙo zai zo. Muna so duniya ta ji da kunnenta."

Baba Kunne ya ce ba wuta. Kodineta ya ce wannan a bar musu. Ya ce ba zare, bel ma ya ruɓe. Kodineta ya ce a faɗi abin da ake so kawai.

Ya kira biyu daga cikin tsofaffin abokansa, suka shiga aiki kamar yara. Suka sa sabon bel, suka jera zaren tsaye ɗaya bayan ɗaya, idanu na ruwa, suna zagin juna da makanta. Baba Kunne ya lura da rubutun da ke jikin ledar zaren, ya ga ba na ƙasar ba ne, daga waje aka shigo da shi. Ya juya ledar ta kife, ya ci gaba da aiki.

Ranar taron, babbar mota ta shigo da janareta a bayanta, aka ja waya har cikin zauren. Aka share gaban layinsa, aka rataya tutoci, aka ce masu ɗaukar hoto kada su juya ta ɓangaren da rufi ya ɓule. Inna ta wanke masa rigar aikin, ta yi masa yawa yanzu. Babban baƙo ya yi jawabi mai tsawo wanda Baba Kunne bai ji ko rabinsa ba, domin hannunsa na kan maɓalli. Da aka yi masa alama, ya yi bismillah ya danna.

Injin ya yi tari, ya girgiza, sannan ya kama. Ƙoshiya, ɗan katakon nan da ke kai zare ya dawo, ta fara harbawa dama da hagu, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙasa ta ɗauki rawa ta hau masa ta tafin ƙafa har ƙirji. Ya karkata kai. Babu abin da ya saki, babu abin da ke gogar wani. Kurciyoyin da suka mai da zauren gida suka tashi firgigit. Soja ya ƙame ya sara wa injin. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya rufe fuska da hula. Shi kuwa Baba Kunne ba taron yake gani ba. Yana ganin zauren cike, ƙurar auduga na yawo cikin hasken taga, ga Auta can a ƙarshen layi da sifana a aljihun baya, yana ɗaga masa hannu.

"Ya isa, mun samu!" in ji mai ɗaukar hoto.

Aka kashe janareta. Injin ya yi ta rage gudu har ƙoshiya ta tsaya a tsakiyar hanya. Yadin da ya fito bai kai a yi wa jariri riga ba. Kafin Baba Kunne ya goge hannu, an fara naɗe waya, domin motar haya ce kuma ana jiranta a wani taron.

Ya sami Kodineta a bakin ƙofa yana amsa waya, ya jira har ya gama.

"Ɗana, in tambaye ka. Wutar da za ta riƙe zauren nan duka, daga ina za ta zo?"

"Tana cikin tsarinmu, Baba."

"Kafin a rufe iyaka, ko bayan an rufe?"

Kodineta ya cire hula ya share gumi. "Baba, wallahi ban sani ba. Ni aikina haɗa taro. Iyaka dai sa hannu ne, yau a ce gobe an rufe. Wuta kuwa sai a hankali. Mu dai ci zaɓe tukuna. Ni ma mahaifina a irin wannan wurin ya yi aiki, ina so in ga ta tashi."

Baba Kunne ya yarda da shi, ya sa masa albarka. Da kowa ya watse, ya yi abin da ya daɗe bai yi ba, ya bar layinsa ya shiga sauran layukan. Ya kama wilin farko, ya ƙi motsi. Na biyu ma haka, tsatsa ta haɗe shi ya zama dutse. A wani layin ruwan sama ya yi shekaru yana zuba a kan injina, a wani kuma ɓarayi sun kwance duk abin da ke kwantuwa. Ya leƙa rumbun auduga, ya tarar da ciyawa ta tsiro ta tsakiyar siminti. Ya tuna manoman da ke kawo audugar, ya tuna tun yaushe rabon da ya ga gonarta. Ya fito a hankali, bai ma yi wa Soja sallama ba.

Bidiyon kuwa ya bazu kamar wutar daji. Baba Kunne bai kai gida ba Auta ya kira.

"Baba, na gan ka! Na ji shi, Baba, ko bel bai yi kuka ba! An ce in 'yan shuɗi suka ci za a buɗe, kuma na farko a layi shi za a fara ɗauka. Ƙarshen wata zan gaya wa ogana na bar aiki. Mu tattaro mu taho, da ni da ita da yarinyar."

Baba Kunne ya tsaya a gefen titi, babura na wucewa. Abin da ya gani a sauran layukan yana bakinsa. Amma kunnensa ya riga ya ji kalmar yarinyar, har ya ji nauyinta a cinyarsa.

"Allah ya kawo ku lafiya," ya ce.

Inna da ta ji labari har da guɗa. Ta shiga kiran maƙwabta ta katanga, tana gaya musu Autanta zai dawo. Shi kuwa ya ture kwanon abinci gefe. Ya yi kwanaki yana zuwa teburin mai shayi ana ta ba shi hannu, ana ce masa gwarzo, yana murmushin da bai kai ido ba.

Wata rana da hantsi ya tsinci kansa a shagon Uwata. Ta yi mamaki, domin bai cika son zama tsakanin yadin waje ba. Ta goge masa benci, ta sayo masa ruwan sanyi. Ya zauna yana kallon masu wucewa. Mace ta shigo, ta shafa yadi, ta tambayi kuɗi, ta ce za ta dawo. Wata ma haka. Can sai ga wata mai rawayan ɗankwali, shugabar matan 'yan rawaya ta kasuwar, ta zo tunatar da Uwata taronsu.

"A'a, ga Baban bidiyo! Baba, sun yi wasa da hankalinku. Mu namu a fili yake: kaya su yi araha, talaka ya sa sutura."

"Hajiya, to shi talakan da ba ya ɗaukar albashi, ko da araha, da me zai saya?"

"Ai shi ya sa muka ce wuta tukuna. In wuta ta tsaya, masana'antu da kansu za su tashi."

Uwata ta yi tsaki. "Wutar nan tun ina goye ake gyara ta, Hajiya. Ku ma kun taɓa riƙe mulki."

"Ke kuma ta wa kike?"

"Ta tukunya."

Hajiya ta yi dariya ta wuce shago na gaba. Uwata ta zauna kusa da ubanta, ta rage murya. "Baba, ka ga dai da idonka. Shafawa suke yi su tafi. Da masaƙa na aiki, da matan ma'aikata sun cika shagon nan ƙarshen wata. Ni ma ina so ta tashi. Tsoron tsakanin kawai nake ji."

Ya gyaɗa kai. Ga shi nan dai: waɗannan sun yi alkawarin aiki ba su faɗi wutar ba, waɗancan sun yi alkawarin araha ba su faɗi albashin ba. Kowanne ya nuna layin da ya goge, ya ce kada a juya ta inda rufi ya ɓule. Shi ma kuwa haka ya yi wa ɗansa.

"Kira min ƙaninki."

Auta ya ɗauka cikin ƙarar motoci. "Baba, lafiya?"

"Ka yi wa oganka maganar?"

"Tukuna, sai ƙarshen wata."

"To kada ka yi."

Ta cikin wayar aka ji ƙarar wani ƙarfe da ake saukewa can nesa.

"Auta, inji ɗaya ka ji. Janareta ta haya ce, ta tafi tun ranar. Zaren ma ta tasharku ya shigo, wataƙila kai ka sauke shi. Sauran injinan sun mutu, na taɓa su da hannuna. Ko yau aka rantsar da su, kuma ko da gaske suke, sai an kawo wuta, sai an koma noman auduga, sai an sayo sababbin injina. Ranar da ka kira na san haka, ban gaya maka ba."

"Me ya sa, Baba?"

"Ina son ganinka."

Uwata ta juya tana gyara yadin da ba ya bukatar gyara.

"Baba, na gaji da nan," in ji Auta, muryarsa ta yi ƙasa. "Yarinyar nan ba ta san kowa nata ba."

"Na sani. Amma ƙuri'a in na jefa ta ta faɗi banza, wani zaɓen zai zo in sake. Aikinka in ka sake shi, wani ne zai hau motar kafin ka iso tasha. Kada ka ɗora iyalinka a kan alkawarin da ni kaina ban gama aunawa ba."

"To kai wa za ka zaɓa?"

"Wanda ya gaya min abin da zai fara yi, da abin da 'yar'uwarka za ta ci kafin yadinmu ya fito. Har yanzu ba wanda ya faɗa. Da sauran lokaci, ina saurare. Kai ma ka saurara daga can, ka daina kallon hoto."

Auta ya ja numfashi mai tsawo. "Shi ke nan, Baba. Na ji."

Ya koma gida da ƙafa, bai hau mota ba, don yana so hanyar ta yi masa tsawo. Ya tarar Inna ta fitar da katifar ɗakin Auta ta shanya a tsakar gida, tana dukanta da sanda, ƙura na tashi. Ya tsaya a bakin zaure har ta gan shi.

"Ba zai zo ba," ya ce. "Ni na hana shi."

Ta tsaya da sandar a hannu. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, irin duban wadda ta zauna da mutum har ta san abin da ke masa ciwo ba sai ya faɗa ba. Ba ta tambayi dalili ba.

"Ka ce ya kawo mana yarinyar ko da sau ɗaya, in sun samu hutu?"

"Zan gaya masa."

Ta jingina sandar da bango, ta goge ido da bakin zane kamar ƙura ce ta shiga.

"To kama min can, mu mai da ita ciki. Hadari na haɗuwa."

Ya kama gefe ɗaya, ta kama ɗaya, suka shiga da ita a hankali, suna karo da ƙofa.